Maganar da Na Ƙaga wa Baba Dodo a Silima

Zuwa ga Malam Modu, mai filin shawarwari.

Malam, ka taimake ni don girman Allah, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Jaridarku takan iso mu nan Damagaram a kamyon, wato babbar motar 'yan goro, wani lokaci sai ta kwana goma a hanya, amma ban taɓa tsallake filinka ba. Sunayen da zan ambata duk na sake su.

Ni marubucin wasiƙa ne, ina da tebur kusa da gidan waya. Mutane suna ce mini mushe, wato malam da Faransanci, kamar wani malamin lakwal, makarantar bokonmu, alhali aji huɗu na yi, mahaifina ya rasu na fita, ko sartifika ban samu ba. Faransancin takarda ina bin sa a hankali, don takarda tana jiran mutum. Amma in Nasara suka saki harshe, da ƙyar nake tsintar kalma ɗaya cikin goma.

A silimar garinmu kowane benci da mai fassararsa. Wanda ya taɓa shiga lakwal akan biya masa shiga, ya zauna tsakiya yana faɗa wa na kusa abin da ake cewa. Ni ne na bencin Baba Dodo, baduku a Zango, aminin mahaifina, da abokin cin tuwonsa Alkasum, Bakano mai sayar da goro. Muddin ana sukuwa ana harbi aikina ba wuya, don kowa yana gani da idonsa.

Sai aka kawo wani fim na ɗan sandan ciki, kashi ɗaya kowace Asabar. An sa wa wani attajiri guba a shayi. A kashi na uku ɗan sandan ya zaunar da tsohon kukun gidan yana yi masa tambayoyi. Ba gudu ba harbi, zance zalla, ya fi minti goma, kuma ban fahimci komai ba. Baba Dodo yana ta zungurina da gwiwar hannu. Kunya ta hana ni in ce ban ji ba, sai na shiga ƙagawa: wai kukun ya ce shekara ashirin yana dafa wa maigidansa bai taɓa ɗaukar ko cokali ba, wai don shi talaka ne aka fara da shi. Da na ga zancen ya shiga, na ƙara gishiri. Na manta sarai Baba Dodo ya yi kuku a gidan wani Nasara yana saurayi, agogo ya ɓace, aka yi masa bulala a bainar jama'a aka kore shi, daga baya aka ga agogon a aljihun mai shi. Da aka kunna fitilu na ga hawaye har gemunsa.

Tun daga ranar Zango ba ta da zance sai na kuku. Mahauta sun ce matar attajirin ce, don ba ta yi kuka ba. Direbobi sun ce ƙanensa ne, mai jiran gado. Alkasum ya ce shi bai san yaren ba amma ya san ɗan Adam, ya ga kukun ya wanke kofin kafin kowa ya shigo, kuma mai gaskiya ba ya yawan goge hannu a riga. Baba Dodo ya ce masa ai irinsa ne suka tsaya kallo ranar da aka yi masa bulala. Shekara goma sha ɗaya suna cin tuwo akushi ɗaya, yau mako biyu ko gaisawa ba sa yi. Duk wanda ya ja da tsohon kuwa sai ya ce ɗansa mai jin Faransanci ne ya faɗa masa, wato ni.

Ruwa ya yanke hanyar Yamai, an ce kashi na ƙarshe sai nan da wata guda. Na lallaɓa wurin Garba mai juya injin, wanda ya ga fim ɗin duka a can. Ya ce kukun ne, kuma da bakinsa zai amsa.

Kunyar benci zan iya shanye ta. Abin da ke cin raina shi ne ɗan Baba Dodo namiji ɗaya tak, Suma'ila, soja ne a Aljeriya. Wani abokinsa ke rubuto masa wasiƙa zuwa gida da Faransanci, ni nake karanta wa tsohon. In ya gane ina ƙaga magana, wace wasiƙa zai ƙara yarda da ita? Tunda na fara, bari in ƙarasa. Wadda ta zo da bazara ta ce nakiya ta tashi da su, an yanke wa Suma'ila hannun dama, za a sallamo shi bayan damina. Na ɗaga kai na ga tsohon yana murmushi yana jira, sai na ce masa yaron ya ɗan ji rauni, yana hutawa, yana nan tafe. Ya sa ni in amsa cewa ya gyara masa wuri a rumfa, ya saya masa sabuwar basilla da wuƙar yankan fata. Na rikice, na rubuta yadda ya faɗa. Tun daga nan ba mu sake samun wasiƙa ba.

Malam, in roƙi Garba ya ce kashin ƙarshe ya ɓace a hanya? Ko in ƙirƙiri zazzaɓi ranar? Tsoho ne, ina tsoron abin da gaskiya za ta yi masa.

Naka cikin damuwa,
Mai Tebur, Zango, Damagaram. Agusta 1959.

AMSA

Ɗana Mai Tebur, na karanta takardarka sau biyu. Ka cika shafi uku da kuku da shayi, ka ɓoye ainihin maganar a gindi, kamar yaron da ya fasa tulu ya zo yana ba da labarin rijiya.

Ban ɗauke ka mugu ba. A silima kunya ce ta kama ka, a kan wasiƙa tausayi, kuma kowannenmu ya taɓa yin shiru don kada tsoho ya yi kuka. Tsoron da kake yi masa ma yana da dalili. Sai dai labarin ba naka ba ne, balle ka rage shi. Wanda ya miƙo maka takarda idonka ya ara, bai ba ka ikon zaɓa masa abin da zai sani ba.

Ka ƙyale Garba da injinsa, ka bar zazzaɓin. Fara da Alkasum. Je ka faɗa masa komai, domin ranar da tsohon zai ji wannan labari yana bukatar amininsa a gefe, kuma kai ka raba su. Ka roƙe shi ya bar murnar cin gardama. Baba Dodo ba kukun fim yake karewa ba, saurayin da aka yi wa bulala yake karewa, kuma bai taɓa samun wanda ya tsaya masa ba. Bari Alkasum ya faɗa masa a fili cewa ko kukun ya sa guba ko bai sa ba, shi Dodo bai ɗauki agogo ba.

Sannan ku je tare da hantsi, bayan ya karya. Ka fara da laifinka na silima, ka ce ba ka ji ba, ka ƙaga. Daga nan ka fito da wasiƙar ka karanta ta yadda take. Ka nemi ya kai ta wurin wani malamin lakwal a sake karanta masa, da ita da na baya duka. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai zo teburinka ba, wataƙila wasu ma su bi shi. Ka ɗauka. Nan gaba kuma ka koyi cewa ban ji ba, a benci da a tebur.

Akwai wanda ba ka ambaci halinsa ba. Suma'ila ya sa an rubuta wasiƙar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa, yana jiran jaje daga ubansa, sai aka aiko masa da labarin basilla. Kana mamakin shirunsa? Yana can yana zaton tsohon ba zai karɓe shi da hannu ɗaya ba. Na san sojoji irinsa da suka sauka a wani gari suka ƙi ƙarasawa gida.

Saboda haka kada ka jira kamyon fim. Ranar da ka gaya wa uban, a ranar za ka rubuta wa ɗan, da kalmomin uban, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa da sunanka cewa kai ka ɓoye. Allah ya ba tsohon juriya, ya yafe maka, ya sa takardar ta sami Suma'ila kafin ya yanke shawarar inda zai sauka.

Malam Modu