Yatsun da Ke Jan Tsarkiya

Zuwa ga Lorna,

Gaisuwa mai yawa daga Alaska. Ina fata kina lafiya, ke da Tessa da Ansel. Yaya ƙafar Mama?

Ni lafiya lau, abinci ma ba laifi. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Makonni uku ke nan injin yankan kifi ya kama mini hannun dama, na kasa faɗa miki a waya. Yatsu biyu sun tafi, manuni da na tsakiya. Ciwon ya lafa, har an ba ni aikin zaune.

Na tambayi likita ko zan sake jan baka. Ya ce, "Wendell, fara koyon riƙe cokali tukuna."

Ranar Lahadi Tessa ta ce mini, "Baba, bana ni zan riƙe maka kwari, kuma ko barewa ta zo gabana ba zan yi tari ba." Na ce to. Da na ajiye wayar na daɗe ban tashi ba.

Ga roƙona. Idan an buɗe lokacin farauta, ki sauko da bakanki da kika rataye tun haihuwar Ansel, ki shafa wa tsarkiyar kakin zuma, ki kai yaran bayan gonar masara ki nuna musu sawun barewa. Dama kin fi ni saiti, yarda ce kawai ban taɓa yi ba.

Kada ki faɗa musu tukuna. Na fi so su ga hannun ina rungume da su.

Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Wendell