Tabarauna da Ke Cikin Durowarka

Zuwa ga Hedimastan makarantarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Malam Yakubu mai koyar da lissafi. Ka hana ni magana a ofis, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko: ranar Litinin a wurin asambuli ka ga tabarauna ya yi baƙi, ka karɓe shi a gaban ɗalibai, wai malami ba ya tsayawa gaban tuta da tabarau irin na 'yan gayu. Ranka ya daɗe, likita ne ya ba ni shi bayan an cire mini yanar ido.

Na biyu: da ka shiga ofis ka ciro shi, ka tarar ya koma fari tas, sai ka ce na yi maka siddabaru. Wannan ta fi yi mini zafi.

Amma ban ga laifinka duka ba, don ni ma ranar farko salati na yi. Sai da 'yar ƙanena Rukayya, mai karatun kimiyyar sinadarai a jami'a, ta warware mini. A fuskar gilashin akwai wani shafi da bai kai kaurin ɓawon albasa ba, cike da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Da hasken rana ya taɓa su, kowace sai ta sauya siffa ta tare hasken. In an shiga inuwa ta koma yadda take. Ta ce a ɗakunan bincike har akwai waɗanda ke jera kansu da kansu a kan gilashi kamar sahun salla, ba hannun da ya jera su, haske ya juya su, wani hasken ya mayar da su. Tsarki ya tabbata ga Allah! Abin da na ɗora a kan hancina ke nan ina yawo ban sani ba.

Na uku: tun ranar nake hawo babur daga unguwarmu Gumbihini ido na zubar da ruwa, allo kuma dishi-dishi. Likita ya ce in na ci gaba haka, aikin da aka yi zai iya lalacewa.

Ba na neman ban haƙuri. Roƙona ka ɗauko tabarauna daga durowarka da hannunka, ka fita bakin baranda, ka tsaya ka kalla. Gani ya kori ji. In ka gama mamaki, ka maido mini da idanuna.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa kada ka taɓa buƙatar irinsa.

Wassalam,
Malam Yakubu, Tamale.