Maɓallanka da katunan sabuwar shekara

Baban Kohei,

Na tafi gidan waya. Yau ce rana ta ƙarshe in ana so katunan gaisuwar sabuwar shekara su isa ranar ɗaya ga wata.

Kwana uku ka yi kana sauya wa maɓallan kwamfuta aiki, wai don ka rage mana daƙiƙa biyu. Sannu da ƙoƙari. Ɗazu na danna waɗanda na saba buga adireshi da su, sai ga hotunan kifayen da ka kamo. Na danna wasu, tseren dawaki ya buɗe da ƙara, a gaban mahaifiyarka da ta zo taya ni. Ta ce, "Au, aikin ofis ɗin da ya hana shi zuwa gaishe ni ke nan?"

Kati saba'in, duk da hannu muka rubuta.

In ka tashi, ka mayar da komai yadda yake. Mama tana falo tana jiranka. So take ka nuna mata maɓallin da ka ware wa kiranta.

Tomoe