Ko Sunan Fa'iza Ba Su Faɗa Ba

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? Ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan Sharada lafiya lau.

Fa'izata ce ta jagoranci ɗaliban da suka haɗa abin tace ruwan dattin masana'antu, makarantarsu ta zo ta ɗaya. 'Yan talabijin suka zo, maza biyu kawai suka yi hira da su. Ita aka ce, "Riƙe mana kwalbar." Ko sunanta ba su faɗa ba. Ta dawo tana cewa, "Umma, na bar kimiyya."

Ban yarda ba. Gobe zan kama hannunta mu je tashar, ba za mu tashi ba sai sun ji daga bakinta.

Ki sa mu a addu'a. A gaida Inna.

Ƙanwarki,
Hadiza