Kifin Ya Fito Duka, Kan Ubanku Bai Fito Ba

Ni Akosita, matar marigayi Taniela, ta nan garin Pangai da ke kan tsibiri, ni na rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake. Aji uku na yi a makaranta, in kun ga rubutun ya karkace ku karanta shi haka. Lesieli da Maikolo, da ku nake. In ɗaya ya gama ya aika wa ɗayan, kada ku kai wa fasto.

1. Gida da gona, doka ta ba ɗa namiji. Maikolo, naka ne. Tabarmi da zannuwan ɓawon itace da ke ƙarƙashin katifata na Lesieli ne, ban da tsohuwar tabarmar uwata, da ita za ku naɗe ni. Aladu uku ne. Ku yanka biyu saboda masu zaman makoki, ta ukun tana da ciki, ku ƙyale ta.

2. Hoton ubanku da ke jikin bango ya zauna inda yake. Na san kuna jin kunyarsa in an yi baƙi. Ranar ya dawo daga teku da kifin da ya kai tsawon ƙofa, ya ɗauko kyamarar da wani mai jirgi ya ba shi, ya danƙa mini ya ce in danna. Ban taɓa riƙe ta ba. Yana ta faɗa wai in yi sauri hannunsa zai tsinke, in ba zan iya ba ya kira alade ya ɗauka. Na danna. Muka ba jirgin mako fim ɗin ya kai babban birni Nuku'alofa a wanke. Kafin ya dawo mun binne ubanku. Na buɗe ambulan, ga kifi tun daga baki har wutsiya, ga ƙirjin Taniela, ga hannayensa, babu kai. Shekara arba'in da ɗaya ina kallon fuskar nan, ban samu ajiye ta ba. Ban yi kuka ba, haushi na ji. Shi ya sa na kama koyon abin ina da shekara sittin da huɗu.

3. Abin da na koya, ku riƙe, ba a takarda na same shi ba. Fim goma sha biyu na lalata kafin na fitar da na kirki. Akwai bikin da yatsana ya fito a kowane hoto, ya fi amarya fitowa. Ana Malia maƙwabciyata har yau in ta hango ni sai ta ce ga mai yankan kai nan, kowa ya kama wuyansa. Rana ta kasance a bayanka, in ba haka ba mutane su fito kamar gawayi. Ka riƙe numfashi kafin ka danna. Ka matso kusa, yawancin hotunana na farko rairayi ne da mutane kamar tururuwa. Kada ka ce wa mutum ya yi murmushi, haƙora kawai zai ba ka, jira shi ya manta da kai. Iskar gishiri tana cin idon kyamara, a gwangwanin biskit ake ajiye ta, da ɗan shinkafa a ƙasa. Babban cikinsu, wanda na fi daɗewa ban gane ba: kafin ka danna, duba gefe huɗu. Ido yana gudu tsakiya, amma abin da zai dame ka a gefe yake.

4. Akwai hotunan mutane a akwatin takalmi, na yi alkawari ban kai ba. Sunan kowa yana baya. Ku kai musu. Na Ana Malia tana barci a coci da baki buɗe, ku ba ta a gaban jama'a.

5. Yanzu maganarku. Tun kuna yara na raba muku ɗaki, na koya muku ɗan'uwa ba ya zama kusa da 'yar'uwarsa, ba ya doguwar hira da ita, kuma na fari a doyarsa nata ne. Kun riƙe, na ji daɗi. Shi ya sa na shekara biyar ina kallon gabar da ke tsakaninku ina ce mata ladabi. Duk garin nan yaba ku ake yi.

Hoto ne ya tona ku. Duk Lahadin yara ta watan Mayu ina ɗaukar ku a ƙofar coci. Wata rana ana ruwa na jera hotunan a tabarma, shekara bayan shekara. Maikolo a wannan gefe, Lesieli a wancan, wannan daidai ne. Amma Seini, 'yarka Maikolo, ba ta taɓa tsayawa kusa da gwaggonta ba, alhali sauran yara a jikinta suke rataye. Na koma hotunan sabuwar shekara na barandar Lesieli, kwandon doya ya daina fitowa a kusurwa tun shekarar da kai da matarka kuka dawo daga Auckland, Maikolo.

Na bincika, na ji. An haifi yarinyar a can, asibiti suka miƙo takarda, ka rubuta mata sunan surukarka. Kai ka san raɗa wa 'ya'yanka suna na yayarka ne, ko ubanka bai isa ya taɓa wannan ba. Waya tana nan, ba ka buga ba. Ka yi laifi. Ke kuma Lesieli, ya aiko doya kika mayar masa har ƙofa, kuma shekara takwas ba ki kira yarinyar da suna ba, sai "ke". Shi bai iya zuwa ya faɗa miki ba, ke ba ki iya zuwa ki zage shi ba, kuka ɓuya a bayan kunya. Ni ma na yi shiru bayan na gane, ina jira ku gaji. Wannan laifina ne.

6. Cikin Littafina Mai Tsarki akwai ambulan biyu. Kada ku musanya. Maikolo, naka hoton mawaƙan coci ne, bai yi kyau ba. Duba gefen hagu. Seini ce ta ba da baya, 'yar tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu ta kwance mata, ga wani hannu yana ɗaure mata ba ta ma sani ba. Ka san zoben, na yayarka ne. Lesieli, naki hoton bishiyar mangwaron bakin shingenki ne, da safe. Duba ƙasa ta dama. Ƙanenki ne tsaye da kwando a kafaɗa. Bayan na danna ya daɗe a wurin, sannan ya juya da kayansa. Bara na ɗauki wannan. Ba ku na nufa ba duka biyun, a gefe kuka shigo.

7. Kyamara ta Seini ce, amma gwaggonta za ta miƙa mata. Kafin nan, Maikolo, ka ɗauki doya da ɗan aladen da za a haifa, ka sa kawunku Filipe a gaba ya yi maka baki. Lesieli, ki karɓa. Ki raɗa wa yarinyar sunan da kika tanada tun tana ciki, a haɗa da na farkon, ba a goge wa yaro suna. Saura ɗauka ɗaya a fim ɗin da ke ciki, da gangan na bari. Ranar da kuka gama gyara rairayin kabarina, ɗaya ya tsaya ta kai, ɗaya ta ƙafa, al'ada ba ta hana wannan ba, yarinyar a tsakiya. Uwarta Kalolaine ta ɗauka. In an wanke ku rataye shi kusa da kifin.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya kiyaye mai shiga teku da mai jiransa. Na yafe muku, ku yafe mini. Ku biyu kaɗai na bari, kada gidan nan ya rabu bayana.

Ku ce wa Kalolaine ta duba sama kafin ta danna. Kai uku nake so a ciki.

Uwarku,
Akosita