Sawun Gimbiya ta Cikin Waya

Zuwa ga ƙanwata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da Gimbiyarmu. Allah Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, Ya raya mana yarinyar nan, Ya sa zaman da kuke yi a can ya zama alheri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi har ta koma faɗan da ta saba, kin kuwa san in Inna tana faɗa, to lafiya ta samu. Yarana suna zuwa makaranta, babansu yana fama da aikinsa. An gyara rufin ɗakinki na da, ya daina yoyo, sai dai kada ki yi murna da yawa, don Inna ta mayar da shi ma'ajiyar tukwane.

Tare da takardar nan akwai ɗan ƙunshi, abokin aikin maigidanki ne zai kawo miki. Kada ki kwance shi sai kin karanta har ƙarshe. Na san kina cike da ni, don na sa ki zana ƙafar Gimbiya ki turo, na sake sa ki, na kuma sake, ban taɓa gaya miki dalili ba. Har kika ce mini a waya wai na mayar da ke 'yar aike. Na ji, na haɗiye, don a lokacin bakina a ɗaure yake. Yanzu an kwance shi.

Maganar hannun Baba ce. Rawar nan da kika gani kaɗan-kaɗan kafin ki tafi ta ƙaru sosai. Likita ya gaya mana ba irin wadda ke tafiya ba ce, magani zai rage mata gudu ne kawai. Da safe hannun yakan ɗan natsu, amma in rana ta ɗaga ko kofin ruwa ya ɗauka sai ya zuba a rigarsa. Ya daina karɓar aikin mutane, ya kuma hana a gaya miki, wai mai nisa ba a ba shi kayan da ba zai iya saukewa ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Duk jikokinsa babu wanda ya fara tafiya ba da takalmin da ya ɗinka da hannunsa ba, sai Gimbiya, wadda ko ganinta bai taɓa yi ba. Na ce masa bari ki faɗi lambar takalmin da take sawa, ya ce lamba ta masu kanti ce, shi ƙafa yake ɗinka wa. Zanen da kika aiko ta gidan waya kuwa, kafin ya iso yarinya ta girme shi, Baba ya ce ba zai yanka fata a kan tsohon sawu ba. Ni kuma ina kallon hannun nan kullum, na san ba zai jira gidan waya ba.

Ana cikin haka sai aka sayo sabuwar na'urar fakis, mai aika hoton takarda ta layin tarho, a ofishinmu, aka tura tsohuwar ƙarƙashin tebur tana shan ƙura. Na tuna kin ce akwai irinta a shagon da ke ƙasan gidanku. Ban yi wata-wata ba na je wajen manaja na roƙe shi, ya ce in ɗauka in rage masa tarkace. A cinyata na riƙo ta cikin tasi har gida. Maigidana ya ce a kira ma'aikacin tarho ya haɗa, na ce masa shekara nawa ina ciyar da abar nan takarda, ba baƙuwata ba ce. Na share gefen teburin aikin Baba, na kawar da gwangwanayen gam da guntayen fata, na ɗora ta nesa da taga don kada rana ta buge ta. Waya biyu ce kawai, ɗaya ta wuta, ɗaya ta layin tarho. Na zare layin daga tarhon gida na sa a bayanta, na ɗauko wata gajeriyar waya na haɗa tarhon da ita, don layi ɗaya ya ishe su. Na saka naɗin takarda, na shigar da kwanan wata da lambar gidanmu, na ɗaga kan tarhon na ji layi yana nan. Baba yana zaune yana kallona, ya ce ashe ni ma baduku ce, sai dai nawa zaren na roba ne.

Inna ce ta fara ba mu aiki. Ranar da na gwada daga ofis, ita ta ɗauki tarhon, ta ji abin yana fito a kunnenta. Ta yi ta sallama, ta yi ta tambayar wane ne, daga baya ta ajiye, ta ce wani marar tarbiyya ne yake mata wasa. Da na dawo na nuna mata cewa in ta ji wannan kukan, na'ura ce ke neman 'yar'uwarta, sai ta danna koren maɓalli ta ajiye kan tarhon. Na manna filasta a kan maɓallin don kada ta ɓata. Yanzu ba ta barin kowa ya taɓa, ta zama shugabar fakis ta gidan nan.

Ranar da kika turo na farko, da ma kina nan kin ga Baba. Ya miƙe tsaye a kan na'urar, hannunsa a baya. Takarda ta fara fitowa sannu a hankali, diddige ya fara bayyana, sai tafin ƙafa, can sai ga 'yan yatsu. Ya sunkuya ya ƙare mata kallo. Sannan ya yi dariya ya ce an ce zumunci a ƙafa yake, to ga jikarsa ta tako har ɗakinsa. Ya nuna mana babban yatsan, ya ce irin na mahaifiyarsa ne sak, mai ɗan kauce wa sauran. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Murnar ba ta daɗe ba. Kin san takardar a naɗe take fitowa, in an shimfiɗa sai ta sake nannaɗewa. Washegari Inna ta ga Baba yana fama da ita, sai ta ce bari ta taimaka, ta ɗauko dutsen guga. Ba ta san da zafi na'urar ke rubutu a takardar ba. Guga ɗaya ta yi, takarda ta koma baƙa ƙirin, babu diddige babu yatsu. Inna ta zauna tana kuka tana cewa ta ƙona ƙafar jikarta. Baba bai yi mata faɗa ba, ya fita ƙofar gida ya zauna, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Na ce musu kowa ya kwantar da hankalinsa, ƙafar tana can jikin mai ita. Wannan ne dalilin roƙona na biyu.

Na biyun ne ya fi tayar mana da hankali. Baba ya danne takardar da guduma da gwangwanin gam, ya auna da zare, ya sake aunawa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ba ƙafar yarinyar da ke gudu a tsakar gida ba ce, ta yi ƙanƙanta. Ya ce ko dai Gimbiya ba ta da lafiya ne kina ɓoye mana. Kin san mai ɓoyo shi ya fi kowa zargin ana ɓoye masa. Abinci ma ya rage ci. Ni kuwa na san ki, da wani abu ne da tun a gaisuwa muryarki ta tona ki. Kuma ga wata matsalar, fata mai laushi guda ɗaya ya ajiye mata, in ya yanka ba daidai ba babu wata, ko da akwai ma hannun ba zai yi aikin sau biyu ba. Na ce masa kada ya sa wuƙa sai na bincika.

Da na je ofis na ɗora hannuna a takarda, na zagaye shi da biro, na tura gida. Da yamma na ɗora hannun a kan wadda ta fito, sai ga yatsuna duk sun zarce zanen. Na ɗauko littafin bayanin na'urar na bi shi shafi-shafi, ashe an saita ta ne ta rage girman duk abin da ya shigo don ya shige takarda. A ofis rubutu muke karɓa, wa zai lura harafi ya ɗan ƙanƙance? Na kashe wannan saitin. Baba bai yarda da bakina ba, don haka na zana nasa hannun, ni na riƙe biron, na tafi da zanen ofis na turo. Ya ɗora tafinsa a kai, ya zauna cif. Gani ya kori ji. A ranar sai da Inna ta ƙara masa abinci. Shi ya sa a karo na uku na ce ki ja layi da rula a gefen ƙafar, don mu gwada da tamu rular. Ya yi daidai, ƙafar kuma ta fito ɓul-ɓul, Baba ya ce yauwa, yanzu ya ga jikarsa. Na kai aka yi mana hotonta a takarda ta gaske, saboda rubutun waccan yakan dushe.

Daga nan ya shiga aiki, da safe kawai, kafin rawar ta taso. Na nemi izinin zuwa ofis a makare. Ni nake zura masa zare a basilla, ni nake danne fata yana yanka, amma ɗinki ko ɗaya bai bari na yi ba. Ya bar mata wuri a gaba saboda girma, ya kuma buɗe gefen babban yatsan nan. Ƙafar dama ta fito tsaf kamar aikinsa na da. Ta hagu ce ta ba shi wahala, don a lokacin hannun ya ƙara gaba. Ɗinkin wajen diddige ya karkace, ya warware ya sake, ya kuma karkacewa, ya soki yatsansa har ya yi jini. Na ce ya huta zuwa gobe, ya ce goben ba za ta fi yau ba. Haka ya lallaɓa har ya ƙulle zaren ƙarshe.

Da ya gama ya jera su a tafin hannunsa yana dubawa. Sannan ya tattara basillarsa da wuƙarsa da gudumarsa, ya goge kowace, ya naɗe su a tsumman da suka saba kwana, ya miƙo mini ya ce in ɗora a saman kabad. Na ce ai can ba zai iya kaiwa ba. Ya ce shi ya sa. Kada ki ɗauka cikin baƙin ciki ya faɗa, fuskarsa a sake take, har yana tsokanar Inna wai yanzu zai samu lokacin koya mata guga. Ni ce dai na daɗe a bayan ƙofa kafin na iya fitowa.

Inna tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan Gimbiya. Goggo da Kawu suna gaisuwa, haka maigidana da yara duka. Ki miƙa gaisuwarmu ga Baban Gimbiya, a gode masa da zirga-zirgar zuwa shago da muka sa shi.

Yanzu sai ki kwance ƙunshin. Za ki ga karkataccen ɗinkin a diddigen hagu, kada ki kai wa kowa ya gyara, yana da ƙarfi, na ja shi da hannuna bai motsa ba. Baba kuma ya ce in gaya miki, ya san halinki na adana abu, to bai yarda ki sa su a akwati don tunawa da shi ba. Ki sa mata a ƙafa, ta taka ƙasa da su, ta shiga ruwa, ta yi gudu har su cinye. Su ne na ƙarshe da ya ɗinka, kuma ya ce don tafiya ya yi su.

Wassalam. Taki har kullum,

Yayarki.