Ikirarin Baba a Ɗakin Injin Niƙa

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka a can inda kake. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma cikin mawaƙan coci, tana jan baiti bayan kowa ya gama. Auta kuma ta kammala koyon ɗinki, ta fara da labulen falo. Gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, amma ba mai bakin faɗa.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kuka ke riga ni magana, ga shi abin da nake so ka sani game da Baba ba ya faɗuwa da sauri. Ka riga ka ji likita ya ce sai an yi masa aiki a zuciya. Abin da ba ka sani ba shi ne, ba wuƙar likita yake tsoro ba. Ka san yadda ƙarar injin niƙa ta cinye masa kunne, har ya zama in ya yi raɗa maƙwabta na amsawa. To, shekarun baya, bayan tafiyarka, ya shiga ikirarin zunubi wurin Fada, limamin cocinmu, wata Asabar. Shi a ganinsa a hankali yake magana. Da ya fito sai ya tarar masu jiran layi duk sun koma bakin ƙofar coci, kowa ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar bai sake komawa ba. Yana zuwa sujadar Mas, ya zauna a bencin baya, in mutane sun tashi karɓar Jikin Ubangiji sai ya bi su da ido kawai.

Da aka sa ranar aiki, sai abin ya taso masa gaba ɗaya. Da la'asar yakan zauna a kujerarsa ta baranda, carbi a hannu, ido a rufe, ba barci ba, ba farke ba. Wata rana ya ce mini yana yawan ganin kansa a wani dogon titi fari fat, da buhu a ka, yana ta tafiya, ba wanda zai ce ya taya shi saukewa. Ya ce in bai farka daga allurar barcin likita ba, haka zai je gaban Allah da kayansa a ɗaure. Yaya, ban taɓa ganin Baba da hawaye ba sai ranar.

Na je na gaya wa Fada, sabon da aka kawo mana, mai tattausar murya. Ya zo gida da kansa. Ya ce su shiga ɗaki su rufe ƙofa, Baba ya ƙi. Ya ce su shiga mota su ɗaga gilashi, ya ƙi. Ya ce to ya rubuta, Baba ya nuna masa hannunsa da ke rawa. Hujjarsa ɗaya ce: tunda ba ya jin iyakar muryarsa, ba bangon da zai yarda da shi. Mama ce ta warware mana, tana daga kicin. Ta ce ita duk faɗan da ta yi da shi a zamansu a ɗakin inji ta yi shi, kuma har yau ba maƙwabcin da ya san suna faɗa. Fada ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tambaya ko injin na tashi har yanzu.

Washegari da hantsi muka tafi. Kawu, wanda ke riƙe da wurin yanzu, ya ba masu niƙa haƙuri, ya share benci, ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya kama. Ɗakin yana nan yadda ka san shi: bel ɗin nan mai faci, garwar ruwa a kusurwa, ƙusar da Baba ke rataye hularsa. Rana ta shigo ta hujojin kwano, garin da ke maƙale a rufi ya taso yana yawo cikin hasken a hankali, kamar ba ya son sauka. Baba ya tuɓe takalmi, ya taka ƙasa, ya ji rawar injin ta hau masa ƙafa, sai ya gyaɗa kai. Muka bar shi da Fada, muka fito muka ja ƙofa.

Na zauna a kan dakalin waje tare da mata masu jiran niƙa. Ba abin da ke fitowa sai rurin inji. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba, don ni ma na tafi wani wuri. Na gan mu muna yara, kai kana riƙe bakin buhu, ni ina zana gida da yatsa a kan garin da ya zube, Baba yana mana magana da hannu. Da ƙofa ta buɗe, baƙar rigar Fada ta koma fara, har girarsa. Baba ya tsaya yana kakkaɓe masa kafaɗa kamar ɗansa. Ranar Lahadi ya tashi daga bencin baya ya shiga layin karɓar Jikin Ubangiji. Mama ta kasa ƙarasa baitinta.

Na zaci magana ta ƙare, ashe da saura. Ana gobe aiki, a gadon asibiti, sai ya kama hannuna ya ce anya Fada ya ji duka cikin wannan ƙara, kuma akwai abubuwan da sai yanzu suke dawo masa. Na ce bari in kira Fada. Ya kalli fankar da ke juyawa, sai ya ce in bari. Ya ce shi kurma ne, amma mace ba ta taɓa ajiye masa kwano ya tambaye ta abin da take so ba. Fuskarta kawai yake duba, ya san mai sauri, ya san wadda aka ɓata wa rai a gida, ya san wadda ta ji kunyar ƙanƙantar hatsinta. Ya ce in shi da toshasshen kunne ya iya wannan, ina ga Allah da ya yi kunnen. Daga nan ya juya ya yi barcinsa, har da minshari.

An yi aikin. Da ya farfaɗo ya ga farin silin da fararen labule, ya tambaya da ƙarfi ko nan ce aljanna. Sai ya waiga ya ga Mama, ya ce a'a, ashe da sauran zama. Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har da nas.

Amma ba zan ɓoye maka ba, Yaya. Likita ya ce zuciyar ta gaji, abin da aka yi jinkiri ne kawai. Baba ya sani. Na gaya masa yadda kake ta faman neman hutu an hana ka, da yadda kake cewa ba za ka yafe wa kanka ba in ba ka same shi ba. Ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: ka zo in hanya ta buɗe, yana marmarin ganinka. In kuma ka iso ka tarar ya riga ya wuce, kada ka tsaya a bakin kabarinsa kana neman gafara. Ya ce ya ba ka ita tun yanzu, ka riƙe abinka.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Kawu da Gwaggo da Auta duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti, da Babban Mutum, da 'Yar Baba mai sabon haƙori. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni ce ƙanwarka,
Uwar Surutu, yadda kake kira na.